Munkaila da Sunan Ƙwaron Gawo

Gardamar farko da na ga Munkaila ya sha kaye a cikinta, da yarinya 'yar shekara tara ya yi ta, kuma kwana goma sha biyun da aka yi ana ja, ko sau ɗaya bai dubi fuskar yarinyar ba. Ta bakina ake aika maganar, ta bakina take dawowa.

A lokacin shi ne mai feshin unguwarmu. Mutanen agirkiltir, ma'aikatan gona na gwamnati, sun kwashe su su shida zuwa Damagaram, aka yi musu horon mako guda, suka dawo da famfon goyo da takarda mai hatimi. Daga ranar nan Munkaila ya zama likitan kabeji, ba a maganar ƙwaro a Matameye sai ya sa baki. A karatunsa, tsutsa raɓa ke haihuwarta, malam-buɗe-littafi kuwa tare da ruwan farko yake saukowa, babu abin da ya haɗa su. Ita kuwa yarinyar, Najaha, mushensu, wato malaminsu na lakwal, ya gaya musu tsutsar nan mai cin ganye ita ce ke komawa malam-buɗe-littafi. Ta faɗi haka a tsakar gidana, yana zaune yana shan fura.

Ya dubi bango ya ce, "Fati, gaya wa ɗiyarki ni aka ba takarda."

Na ce, "Najaha, wai shi aka ba takarda."

Ta ce, "Inna, ki ce wa Baba takardar kashewa aka ba shi. Ta sani daban take."

Sai da furar ta sarƙe shi. Ita kuwa ta je bayan gida ta ciro koriyar tsutsa a ganyen tafasa, ta sa a gwangwanin tumatir, ta rufe da yankin gidan sauro. Kullum da safe sai ya biyo, wai ya zo gaishe ni, mutumin da ke wata biyu bai taka ƙofata ba. Ran na sha biyu ta ɗauki gwangwanin ta kai majalisar su Munkaila, ta kwance a gaban dattawa. Wani farin malam-buɗe-littafi ya rarrafo ya tsaya a bakin gwangwanin, ya shanya fikafikansa ba gaggawa, sannan ya tashi. Munkaila ya leƙa ciki, ya girgiza, ya kife, ya ce, "An musanya." Har yau a majalisar nan in aka ci mutum a dara, abin da yake cewa ke nan.

Najaha 'yar farinsa ce. A gidansu kunyar ɗan fari ba ta wasa ba ce, uwarsa ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayansa Muntaka ba. Da aka yaye yarinyar sai aka kawo mini ita, tunda ni Allah bai ba ni nawa ba. Ni da Munkaila taubasai ne, ni 'yar namiji shi ɗan mace, wato bawana ne, ina zaginsa tun yana yawo ba wando kuma ba ranar dainawa. Daga ranar da aka kawo ta, sunanta a bakinsa ɗiyar Fati. Yana da maza huɗu a bayanta, kowanne yana kwaɗa masa kira daga nan har bakin kasuwa. Ita kaɗai ce ba ta da suna.

Shi ba mutum ne mai dogon labari ba. Lambunsa na cikin kwari a kan hanyar Dawce, rake da albasa da kabeji, da wani tsohon gawo a kusurwar gabas. Matarsa Rakiya ta ce in ya yi magana goma a yini, bakwai da jakinsa ya yi. Feshin ma ya bari da ƙirjinsa ya fara kuka. Amma bayan kayen da ya sha, sai na riƙa tsintar kwalin ashana a kan katangata, in na buɗe tsutsa ce a ciki da ɗan ganyen da aka same ta a kai. In na tare shi sai ya ce, "Na ce ko yaran gidan nan na so." Yara nawa ne a gidan nan, Munkaila?

Yarinya ta yi lise, babbar sakandare, a Damagaram, ta yi makarantar koyarwa, aka ba ta aji a Yauri. Duk hutu tana lambun nan. Na sha kai musu abinci na tarar da su, shi ya juya wa gawo baya yana ban ruwa, ita tana tsugune da bik da kaye, littafin rubutunta, a gindin itacen, tana duba malam-buɗe-littafi. Yakan sa dogon gora mai ƙugiya ya jawo kaucin da ya fito a reshen gawon, ya ajiye a ƙasa, ya yi gaba abinsa. Sai ta zo ta duba. Hirarsu kuwa da iska ake yi. Shi ya ce wa albasa, "Wanda aka gani jiya ba shi ne na shekaranjiya ba." Ita ta ce wa kayenta, "Lalle, na jiya layinsa a karye yake." Na ce ku biyun nan da an kai ku asibiti da an riƙe ku.

Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne ya ɗauke mata hankali, wanda ba ya saukowa ƙasa, kullum yana can sama wajen kaucin. Ta aro littafin hotunan ƙwari, ta duba daga farko har ƙarshe, ta ce akwai mai kama da shi amma ba shi ba ne. Shekara huɗu tana bin sa. In ta kama ɗaya sai ta ninke shi cikin takarda, ta rubuta rana da wuri, ta jera a gwangwanin madara.

Sanƙarau ya ɗauke ta da bazara, kwana huɗu tsakanin ciwon kai da likkafani. Shekararta ashirin da shida, an sa ranar aurenta bayan kaka.

Gidana aka yi zaman makoki, tunda ɗiyata ce. Ran na uku, bayan mutane sun ragu, Munkaila ya shigo ya durƙusa nesa da tabarmata kamar kowane maƙwabci, ya ce, "Fati, ya haƙuri?" Na ce da godiya. Na ce kai fa? Ya ce albasa na son ruwa. Ya tashi ya fita. Bai yi kuka ba, bai rame ba, bai bar jam'i ba. Yana cin tuwonsa har ya suɗe kwano. In an gaishe shi ya amsa, in an yi dariya a majalisa ya buɗe haƙora a makare. Na zage shi, na ce ko jakinka ya fi ka nuna alhini, ya ce haka ne. Tun ranar ban ƙara jin daɗin zaginsa ba, kamar kana dukan buhun dusa.

Bayan arba'in na ba shi gwangwanin madarar da kaye uku. Ya karɓa ya ce ko a zuba irin albasa a ciki. Bai zuba ba. Rakiya ta ce mini kullum in ya gama ban ruwa sai ya zauna a gindin gawon ya ɗaga kai sama, har wuyansa ya ƙage.

A haka Madam Saratu ta same shi, shekara biyu bayan rasuwar. Malama ce mai binciken ƙwari daga Yamai, ta zo zagayen lambunan kwarin nan da ragarta mai dogon hannu da hular maza. Ubanta Bahaushe ne, amma a Yamai ta tashi, ta ƙarasa girma a ƙasar Turawa, Hausarta in ta yi taku uku sai ta dafa Faransanci. Ta ga tsoho na kallon sama, ita ma ta ɗaga kai. Ta kai raga ta kamo ɗaya, ta duba, ta faɗi sunansa na littafi.

Munkaila ya ce, "Ba shi ba ne."

Ta ce, "Baba, kun san shi?"

Ya ce, "Wancan layinsa biyu a miƙe. Wannan na biyun ya karye ya lanƙwashe kamar lauje. Juya shi."

Ta juya. Rakiya na wurin, ta ce matar nan sai da ta zauna a kan kunyar albasa.

Washegari ya kai mata gwangwanin da kayen. Ta tambaye shi wa ya yi rubutun, ya ce ɗiyar Fati. Ba suna a bangon kaye, wa ke rubuta sunansa a abin da ba ya fita daga ɗakinsa? Madam kuwa ta ga tsoho bai yi boko ba, sai ta ɗauka 'yar maƙwabta ce yake sa wa ta rubuta masa abin da ya gani. Da 'yar Matameye ce, da ta ji namiji ya ce ɗiyar wance yana kallon ƙasa, da ta gane. Ita ba ta gane ba, shi kuma bai ƙara ko harafi ba.

Ashe tabbatar da sabon ƙwaro ya fi neman aure wuya. Sai an samo namiji, an samo mace, an samo tsutsar, an san abin da take ci, an ga yadda take ƙamewa kafin ta fashe. Wajen shekara biyu suna wannan aiki, Madam na zuwa tana komawa. Na roƙi Munkaila ya nuna mini abin da ake wa wannan wahala, ya buɗe mini takarda ɗaya. Bai fi faɗin babban yatsa biyu ba. Namijin bayansa shuɗi ne kamar sabon rini, da baƙi a bakin fiffike. Macen ta fi shi girma, shuɗinta ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Cikinsu fari fat, da jan layi biyu sirara, ga laujen nan a na biyu. A ƙarshen fiffiken baya akwai 'yan wutsiyoyi biyu kamar zare da ɗigon baƙi, in ya sauka yana motsa su, tsuntsu ya zaci nan ne kai ya kai sara a banza. Tsutsar ba ta cin komai sai furen kauci, mai kama da tsinken ashana, kuma in ta kwanta a jikinsa ba ka raba ta da shi. Ba ya fitowa sai bayan kaka, lokacin da gawo ke sa ganye sauran itatuwa na zubarwa.

Na ce, "To shi ke nan? Ko miya ba a yi da shi."

Ya ce haka ne, ya ninke takardar.

Madam ta cire ƙafar ɗaya ta aika waje aka auna, aka gwada shi da na cikin akwatunan da Turawa suka tara tun zamanin kakanninmu. Amsa ta dawo, babu irinsa a rubuce. A cikin duk waɗanda aka tara, ta zaɓi guda wanda za a soke da allura a ajiye, ya zama shi ne shaidar irin har abada. Na cikin gwangwanin madarar ta zaɓa, don ya fi kowanne cika.

Wata Laraba Munkaila ya shigo gidana da hantsi, ya zauna a kan turmi. Na ce wa ya mutu? Ya ce ba kowa. Na ci gaba da tsince wake. Can ya ce Madam ta kira, an gama, ran Litinin za ta aika takardar inda ake bugawa. Za a sa wa ƙwaron suna, kuma sunansa za a sa, a ƙara masa wata wutsiya ta Latin. A jikin allurar ma za a rubuta shi ya kamo.

Na ce, "Barka. Daga mai kashe su ka zama ubansu. Me ka ce mata?"

"Na ce to."

"To me ya kawo ka?"

Ya ce, "Ta ce in an buga ba a sakewa. Ko an gane kuskure ne daga baya, sunan farko shi ke zama. Ko bayan shekara ɗari."

Sai a lokacin na gane matar nan ba ta san an taɓa yin wata Najaha a duniya ba. Shekara biyu yana yawo da ita a lambu, yana jawo mata kauci, bai iya buɗe baki ya ce ɗiyata ce, ta rasu, ga sunanta ba. Na kira shi da duk sunan da na sani, na haɗa da na jakinsa. Ya bari na gama, ya miƙo mini salularsa ya ce, "Ke ki gaya mata."

Na kira. Na ce ni ce Fati, ɗiyar nan ita ta gano ƙwaron, sunanta ya kamata a sa. Madam ta saurare ni da ladabi, irin ladabin da ake yi wa tsohuwar da ta zo ofis neman alfarma. Ta ce, "Mama, na gode, za mu gode wa ɗiyarku a ƙasan takarda saboda rubutun da ta yi. Amma Baba ne ya yi aikin. Ba zan cire sunansa ba sai na ji daga bakinsa." Wato ta zaci kamfe nake yi wa tawa, ina nema mata suna. Na miƙa masa salular, ya dube ta kamar na miƙa masa garwashi, har ta katse.

Alhamis bai zo ba. Na aika, aka ce yana lambu. Na bi shi, na same shi a gindin gawon, na ce saura kwana huɗu. Ya ce ya sani. Na ce kunyar wa kake ji, wadda ake jin kunyar tana ina? Ya ce rake na son a yi masa shara. Na dawo gida.

Ranar kasuwa sai ga shi a ƙofata da rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi. Rezon salula ya lalace a unguwarmu tun safe, sai wajen tasha ake samu. Muka ratsa 'yan rake da masu tallar ƙosai, muka tsaya kusa da motocin Kance, 'yan kamasho na ta ihu. Ya danna lambar Madam da kansa.

Ya ce, "Madam, ni ne. Yarinyar nan da ta yi rubutun. Ba rubutu kaɗai ta yi ba. Ita ta gan shi, ita ta kama, ni ƙugiya kawai na riƙe. Ba ta da rai. Tawa ce, ta fari."

Ban ji abin da aka ce a can ba. Na dai ga ya runtse ido, na san tambayar da aka yi masa.

Ya faɗa a hankali, ko ni da ke gefensa da ƙyar na ji. Wata mota ta yi ham. Madam ta ce ba ta ji ba. Ya sake, da ɗan ƙarfi. Rezo ya yanke rabin kalmar, na jiyo muryarta tana cewa, "Najatu?" Sai Munkaila ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya buɗe murya irin wadda yake kiran 'ya'yansa maza da ita, a tsakiyar tashar Matameye ranar kasuwa, ya ce, "Najaha! Najaha Munkaila!"

Mai shayin tasha, wanda ya san su duka biyun, ya tsaya da buta a sama. Wata mata ta waiwaya tana neman wadda ake kira. Shi kuwa ya saurara kaɗan, ya ce to, to, madalla, ya kashe salular ya sa a aljihu. Na dubi fuskarsa, ba abin da ya sauya. Ya tsaya ya taya igiyar jaki, bai saya ba, muka koma.

Bayan wata bakwai Madam ta zo da takardar a buge, da hoton ƙwaron ciki da baya. Ta nuna mini sunan da yatsa, najahae, da 'yar wutsiyar Latin ɗin. Ta durƙusa ta yi mini ta'aziyya, ta yi masa, tana kuka har da majina. Shi ne ma ya ba ta haƙuri.

Labari ya kai Damagaram wurin yayansa, Alhaji Muntaka, mai shagunan atamfa, wanda shi ya yi wa yarinyar huɗuba ranar da aka haife ta. Ya sa aka tuƙo shi har Matameye. A tsakar gidana aka zauna, da ni da Rakiya, Alhaji a kan kujera, Munkaila a kan turmi.

Alhaji ya ce, "Abu biyu na ji, kowanne ya fi wani muni. An ce ka tsaya a tasha kana kwaɗa sunan 'yar farinka kamar mai tallar goro. Gidanmu ba a taɓa yi ba."

Munkaila ya ce, "An yi, Yaya."

"Sannan sunan da na raɗa mata da bakina, sunan Musulma, ka ɗauka ka ba ƙwaro. Ƙwaro, Munkaila! Abin da ƙadangare ke ci. Gobe Bature ya soke shi da allura ya ce ga Najaha. In sunanta kake so ya zauna, ba ga rijiya ba? Ba ga masallaci ba? Ka zo ka same ni mana."

Na ce, "Alhaji, shekara huɗu rijiyar na jiran a zo a same ka?"

Ya ce, "Fati, ba da ke nake ba, ke bakinki ba ya da linzami tun kina yarinya." Ya juya ga ƙanensa, ya ce a kira matar nan a ce ta goge. Rakiya ta ce an ce ba ya goguwa. Alhaji ya ce babu abin da ba ya goguwa, shi ya san mutane a Yamai. Ya yi ta faɗa har ya cire hula ya mayar. Munkaila na zaune yana kallon yatsun ƙafarsa, na ɗauka zai ce haka ne kamar kullum.

Da Alhaji ya tsaya shan ruwa, sai ya ɗago.

Ya ce, "Yaya, kai ka sallace ta, kai ka sa ta a rami. Tashi mu je maƙabarta yanzu ka nuna mini wanne ne nata. In ka nuna, ni da kaina zan kira Madam."